Me ke sa mutum ya amsa laifin kisan da bai aikata ba?

A shekarar 2017 kamfanin Netflix ya saki wani jerin shirin bin diddigi mai suna The Confession Tapes. Ba wasan kwaikwayo ba ne. Shari'o'i ne na gaske a Amurka, mutanen kuma an kai su gidan yari, wasunsu ɗaurin rai da rai. Abin da ya haɗa su guda ɗaya ne: babbar hujjar da aka ɗaure su da ita maganar bakinsu ce. Sun zauna gaban 'yan sanda sun ce su suka yi, daga baya suka ce wallahi ba su ba ne. Masu shirin sai suka ɗauko ainihin faifan titsiyen da aka yi musu suka ajiye a gaban mai kallo, ya gani da idonsa yadda aka tashi daga "ban san komai ba" aka sauka a "ni ne".

Duk wanda na taɓa ba wa labarin irin wannan shiri, amsarsa ɗaya ce: ni dai in ban yi ba, ko za a yanka ni ba zan ce na yi ba. Wannan maganar ita ce gindin matsalar baki ɗaya, domin alƙali ma haka yake tunani, haka ma mutanen gari goma sha biyu da ake zaɓowa a kotunan Amurka su saurari shari'a su yanke ko mutum na da laifi. Da zarar sun ji iƙirari, sauran hujjoji sai su zama ado.

Alƙaluma sun ƙaryata wannan tunani. Ƙungiyar Innocence Project, wadda lauyoyi biyu, Barry Scheck da Peter Neufeld, suka kafa a 1992, tana amfani da gwajin ƙwayoyin halitta na DNA wajen sake buɗe tsofaffin shari'o'i. Cikin ɗaruruwan mutanen da wannan gwaji ya wanke a Amurka, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu akwai iƙirarin ƙarya a shari'arsu. Waɗannan fa su ne waɗanda aka yi sa'a akwai jini ko maniyyi ko gashi da aka adana har aka gwada. Yawancin laifuka ba sa barin irin wannan alama.

Masanin halayyar ɗan Adam Saul Kassin da abokin aikinsa Lawrence Wrightsman sun kasa iƙirarin ƙarya gida uku tun 1985. Na farko shi ne wanda mutum ke kai kansa ba wanda ya matsa masa, don neman suna, ko taɓin hankali, ko don ya kare wani nasa. Lokacin da aka sace jaririn shahararren matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh a 1932, mutum sama da 200 ne suka fito kowa yana cewa shi ne. Henry Lee Lucas da aka kama a jihar Texas ya amsa kisa wajen 600, 'yan sanda daga jihohi daban-daban suna layi suna rufe tsofaffin fayilolinsu da sunansa, kafin 'yan jarida su lissafa su ga ba zai yiwu mutum ɗaya ya kasance a duk waɗannan wurare ba. Wannan kashin bai dame ni sosai ba, don jami'i mai lura yana iya gano shi.

Biyun da suka rage su ne ake ƙerawa a cikin ɗaki. Akwai wanda ya san sarai bai yi ba amma ya amsa don a ƙyale shi. Akwai kuma wanda aka juya har ya fara shakkar kansa, ya yarda ƙila ya yi ya manta. Kafin a gane yadda hakan ke faruwa, sai an san abin da ake koya wa mai tambayar.

A da can, duka ne. A 1936 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Brown da jihar Mississippi, ta soke hukuncin kisa da aka yanke wa wasu manoma baƙar fata uku da aka yi wa bulala har suka amsa. Da aka rufe ƙofar duka, sai aka nemi dabara. Wani tsohon ɗan sandan Chicago, John Reid, gwanin na'urar gano ƙarya, shi ya tsara hanyar da ta ɗauki sunansa, ya wallafa ta tare da malamin shari'a Fred Inbau a 1962, ta zama abin da ake horar da masu bincike da ita a faɗin ƙasar.

Hanyar tana farawa ne da hira ta lumana, inda jami'i ke duban mutum ya yanke a ransa ko ƙarya yake yi. Ya kau da kai? Yana ta motsi a kujera? Bai yi kuka ba alhali matarsa aka kashe? Ko kukan ya yi yawa? Mu ma muna da wannan tunani, muna cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sai dai binciken da aka yi ta maimaitawa ya nuna ɗan Adam, har da ƙwararren jami'i, da kaɗan ya fi mai canki-canki wajen gane maƙaryaci daga fuska. Mutumin da ya tashi ya tarar da gawar mahaifiyarsa ba shi da wata tsayayyar kama da ya kamata ya nuna.

Idan jami'in ya gamsu, sai salo ya canza. Tambaya ta ƙare, saura a karɓi amsa. A sa mutum a ƙaramin ɗaki shi kaɗai. A faɗa masa kai tsaye cewa bincike ya tabbatar shi ne. In ya buɗe baki zai musa, a katse shi, domin kowane musu da ya furta yana ƙara masa ƙarfin zuciya. Sannan a miƙa masa hannu: mun san kai ba mugu ba ne, tsautsayi ne, ita ta tsokane ka, kowa ma zai iya yin haka. Daga ƙarshe a ajiye masa zaɓi biyu da duk wanda ya ɗauka ya shiga: ka daɗe kana shirya wannan abu, ko kuwa ɓacin rai ne na lokaci guda? Ba a yi masa alƙawarin sassauci a fili ba, doka ta hana, amma kunnensa abin da ya ji ke nan.

Sai babban makamin, wanda yawancin mutane ba su san halal ne a can ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1969 a shari'ar Frazier da Cupp, ɗan sandan Amurka yana da damar ya yi wa wanda yake tuhuma ƙarya game da hujja. Yana iya cewa an ga zanen yatsunka, ko abokinka ya riga ya tona, ko ka faɗi gwajin na'ura, alhali babu ko ɗaya. Marty Tankleff yana da shekara 17 a 1988 lokacin da ya tashi da safe a gidansu da ke Long Island ya tarar an kashe mahaifiyarsa, mahaifinsa kuma yana kwance cikin jini. Jami'in da ke titsiye shi ya fita ya yi kamar ya amsa waya, ya dawo ya ce masa mahaifinsa ya farfaɗo a asibiti, ya kuma ce ɗansa ne ya yi. Uban bai taɓa farfaɗowa ba har ya rasu. Yaro ya san ubansa ba ya masa ƙarya, kuma bai taɓa kawo wa ransa cewa hukuma za ta yi ba, sai ya fara tambaya ko zai yiwu ya yi abin cikin gushewar hankali. Shekara 17 ya yi a kurkuku kafin a soke hukuncin a 2007.

Kassin ya gwada wannan a jami'a a 1996. Aka zaunar da ɗalibai gaban kwamfuta, aka gargaɗe su kada su taɓa wani maɓalli. Can sai kwamfutar ta mutu da gangan, aka ce su suka taɓa. Babu wanda ya taɓa. Amma a rukunin da aka sa su bugawa da sauri, aka kuma kawo wani ya ce ya gan su da idonsa, dukkansu suka sa hannu a takardar amsa laifi, da yawansu ma suka yarda a ransu sun taɓa, wasu har suna ba da labarin yadda yatsansu ya zame. Gaskiya ne taɓa maɓalli ba kisan kai ba ne, amma waɗannan ɗalibai ne masu ƙoshi da barci, cikin 'yan mintoci.

A titsiyen gaske ba mintoci ba ne. Steven Drizin da Richard Leo sun tattara shari'o'i 125 da aka tabbatar iƙirarinsu ƙarya ne, suka wallafa a 2004. A waɗanda aka san tsawon lokacinsu, matsakaicin titsiyen ya haura awa 16. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen yara ne 'yan ƙasa da shekara 18. Cikin waɗanda suka janye maganarsu suka tsaya a yi shari'a kuwa, kashi 81 cikin ɗari an same su da laifi duk da haka.

Abin da ya fi taɓa ni a duk wannan lamari shi ne yadda gaskiyar mutum ke zame masa tarko. Hausawa na cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, kuma da wannan imanin marar laifi ke shiga ɗakin. Tun 1966 doka ta wajabta wa 'yan sandan Amurka su gaya wa wanda suka kama cewa yana da damar yin shiru da neman lauya. Tsohon ɓarawo ya san darajar wannan, sai ya ja bakinsa ya ce a kira masa lauya. Marar laifi shi ke cewa me zan yi da lauya, ai ba abin da nake ɓoyewa. Bayan awa goma sha, yunwa da barci da tsoro sun gama da shi, sai ya yi lissafin da ya ga kamar mai hankali ne: bari in faɗa musu abin da suke so in tafi gida, ai in sakamakon gwaji ya fito za su ga ba ni ba ne. Bai san ranar da ya amsa, ranar bincike ke tsayawa ba.

Ko sakamakon ya fito, ba lallai ya cece shi ba. A 1997 aka yi wa matar wani sojan ruwa fyaɗe aka kashe ta a Norfolk, jihar Virginia. Maƙwabcinta Danial Williams ya amsa bayan titsiyen dare guda. Gwajin DNA ya ce ba shi ba ne. Maimakon a sake shi, sai aka ce to yana da abokin laifi, aka kamo Joseph Dick, shi ma ya amsa, shi ma gwaji ya wanke shi. Aka ƙara Eric Wilson, aka ƙara Derek Tice, labarin yana ta kumbura daga mutum ɗaya zuwa gungu. Daga baya wani mai suna Omar Ballard ya amsa, DNA ɗinsa ya dace, ya kuma ce shi kaɗai ya yi. Duk da haka aka ɗaure huɗun. Dick ya kai ga yarda da laifin a ransa har ya ba da shaida a kan 'yan uwansa. Sai a 2017 gwamnan jihar ya yi musu cikakkiyar afuwa.

Mai karatu zai ce, to ta yaya wanda bai je wurin ba ya san kalar rigar mamaciya, ko inda aka yar da wuƙa? Wannan ita ce tambayar da masu gabatar da ƙara ke cin shari'a da ita: ya faɗi abin da mai kisan kaɗai ya sani. Malamin shari'a Brandon Garrett ya bi takardun mutum 40 da suka yi iƙirarin ƙarya cikin 250 na farko da DNA ya wanke, ya tarar 38 daga cikinsu iƙirarinsu na ɗauke da irin waɗannan bayanan sirri. Tunda an tabbatar ba su ba ne, hanya ɗaya ce bayanan suka bi suka shiga bakinsu, wato daga bakin mai tambaya. Ba kullum da gangan ba. A nuna hoto, a yi tambaya mai ɗauke da amsarta, a ce a'a sake tunani duk lokacin da ya yi kuskure, har ya faɗo daidai.

Ana iya kallon wannan ƙuru-ƙuru a faifan Brendan Dassey na jihar Wisconsin, wanda shirin Making a Murderer ya nuna wa duniya a 2015. Yaro ne mai shekara 16, mai rauni wajen karatu, ba lauya ba babba a gefensa. Jami'an sun san an harbi matar da aka kashe a kai, suna so ya faɗa da bakinsa. Suka ce me aka yi wa kanta? Ya ce an yanke mata gashi. Suka ce sai me? Ya ce an naushe ta. Sai me? Ya ci gaba da lalube kamar ɗalibin da bai yi karatu ba, har ɗayansu ya gaji ya tambaye shi kai tsaye wa ya harbe ta a kai. Bayan ya gama amsa fyaɗe da kisa, sai ya tambaya ko zai koma makaranta kan lokaci, don yana da aikin da zai miƙa.

Shari'ar da kowa ya fi sani ita ce ta yara biyar na New York. Daren 19 ga Afrilun 1989 aka yi wa wata mata mai gudun motsa jiki fyaɗe da mummunan duka a lambun Central Park. Aka kama Antron McCray, Kevin Richardson, Yusef Salaam, Raymond Santana da Korey Wise, 'yan shekara 14 zuwa 16, huɗu baƙar fata, ɗaya ɗan asalin Latin Amurka. Huɗu daga cikinsu sun yi bayani gaban kyamara. Abin lura shi ne kyamarar ba a kunna ta ba sai a ƙarshe, bayan awoyi masu yawa da babu wanda ya ga abin da ya gudana a cikinsu. Labaransu sun saɓa wa juna, kowanne yana cewa wasu ne suka yi shi yana gefe, maniyyin da aka samu kuma bai dace da ko ɗayansu ba. Aka ɗaure su. A 2002 wani fursuna, Matias Reyes, ya ce shi kaɗai ya yi, DNA ya gaskata shi. Birnin ya biya su dala miliyan 41 a 2014, kuma a 2023 aka zaɓi Salaam ɗan majalisar birnin. Wise, da aka kai gidan yarin manya, ya fi kowa daɗewa a ciki.

Ba Amurka kaɗai ba ce. Iwao Hakamada na Japan ya amsa kisan mutum huɗu a 1966 bayan kusan kwana ashirin ana titsiye shi, aka yanke masa hukuncin kisa a 1968, ya yi shekaru sama da arba'in yana jiran igiya, sai a 2024 kotu ta wanke shi yana da shekara 88. Ingila kuwa abin kunyar da ta sha a kan mutanen da aka ɗaure bisa harin bam na Guildford da Birmingham na 1974, waɗanda aka saki a 1989 da 1991, yana cikin abin da ya tilasta mata gyara. Tun kafin sakinsu dokar 1984 ta kawo naɗar titsiye a faifai, sannan a farkon shekarun 1990 aka koma wata hanya da ke neman bayani maimakon neman a amsa, ba a kuma yarda jami'i ya ƙirƙiri hujjar ƙarya ba. A Amurka sai a 2021 jihar Illinois ta zama ta farko da ta hana yi wa yara ƙarya a titsiye. Manya har yanzu ana yi musu a kusan ko'ina.

Mu da muka tashi da karatun fiƙihu bai kamata wannan ya zo mana baƙo ba. Da Ma'izu ya zo da ƙafarsa ya yi iƙirarin zina, Manzon Allah (SAW) kau da kai ya yi ta yi, ya tambaya ko yana da taɓin hankali, ko ya sha wani abu, ko abin bai kai yadda yake zato ba. An kuma ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mutum ba abin amincewa ba ne a kan kansa idan ka bar shi da yunwa, ko ka ɗaure shi, ko ka doke shi. A Najeriya ma, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a rubuta iƙirari, a iya ɗaukarsa a bidiyo, lauya kuma ya iya kasancewa a wurin, ga kuma dokar hana azabtarwa ta 2017. Amma duk wanda ke kallon labarai ya saba ganin an jera matasa a ƙasa gaban 'yan jarida, an miƙa musu makirfo suna amsa laifi tun kafin su ga alƙali. Mintoci biyun nan muke gani, kamar yadda aka ga na yaran New York.

Dole kuma a faɗi gaskiya a kan shirye-shiryen kansu. Mai shirya fim shi ma yana yanka yana liƙawa. Daga titsiyen awa goma yana zaɓo minti goma, ya sa kiɗa mai sosa rai, ya ba lauyan wanda ake tuhuma fili mai yawa. An zargi Making a Murderer da barin wasu hujjojin masu gabatar da ƙara a waje. Ba duk wanda ya janye iƙirarinsa ne marar laifi ba, kuma akwai iyalan mamata da ake tayar musu da miki duk lokacin da aka sake haska labarin. Kashi biyu na farko na The Confession Tapes sun tsaya ne a kan Sebastian Burns da Atif Rafay, da aka ɗaure kan kisan iyayen Rafay da 'yar uwarsa a 1994 a jihar Washington. 'Yan sandan Kanada ne suka yi shigar manyan 'yan daba, suka jawo samarin jiki har suka sa su magana. Kotun Ƙolin Kanada da kanta ta ƙuntata amfani da wannan dabara a 2014. Kallon shirin bai isa ya sa ni rantsuwa cewa ba su yi ba. Abin da ya isa ya nuna mini shi ne maganar da aka samo ta wannan hanya ba ta kai a rufe rayuwar mutum a kanta ita kaɗai ba, sai an ga wata hujja daga waje da ta tsaya da ƙafarta.

Shi kansa John Reid, shari'ar da ta fara fito da sunansa ita ce ta Darrel Parker, wani ma'aikacin gandun daji a Lincoln, jihar Nebraska, da ya dawo gida cin abincin rana a 1955 ya tarar an kashe matarsa. Reid ya titsiye shi na sa'o'i har ya amsa. Washegari ya janye, amma aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Daga baya ta bayyana wani mai suna Wesley Peery ne ya yi kisan, ya kuma bayyana wa lauyoyinsa yadda ya yi. A 2012 jihar ta nemi gafarar Parker ta biya shi dala dubu 500, yana ɗan shekara tamanin da ɗoriya. Dassey kuwa, wani alƙalin tarayya ya soke hukuncinsa a 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta maido da shi a 2017 da rinjayen alƙalai huɗu a kan uku, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar a 2018. Ba zai cancanci neman sakin talala ba sai 2048.